Ƙulli Uku a Bayan Buzu

An ce wai a zamanin da ba a barbaɗa kalmomin girma kamar yadda ake barbaɗa gishiri a miya, an yi wani sarki a Birnin Marke, sunansa Tunau. Ban ga birnin da idona ba, kuma ba zan rantse cewa ganuwarsa tana nan tsaye ba. Abin da na riƙe shi ne abin da na ji daga bakin kakana, yana zaune a kan buzunsa bayan sallar la'asar, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina kada in ƙara masa, kada in rage.

A fadar wannan sarki akwai al'adu biyu da ba a wasa da su. Ta farko ita ce ta zama. Babu kujera, babu darduma. Duk wanda aka naɗa cikin 'yan majalisa, buzun rago ake ba shi ranar naɗinsa. A kansa zai zauna a gaban sarki, a kansa zai yi salla, in ya mutu a naɗe shi a kai wa iyalinsa. Shi ya sa mutanen Marke ba sa cewa an ba wane sarauta, sai su ce wane ya hau buzu.

Ta biyu ita ce ta kira. Bayan an naɗa rawani, Sankira, wato shugaban maroƙan fada, zai miƙe ya kira sabon basarake da kalmomi biyar, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai hawa matakala. Kakana yakan lissafa su da yatsunsa, ya ce muƙami sarki ne ke ba da shi, girma jama'a ce ke ba da shi, daraja aikin mutum ne ke jawo masa ita, ɗaukaka kuwa ta Allah ce, yana sauke ta inda ya so. Ta biyar ita ce mutunci, kuma ita kaɗai ce ba a kira tsurarta. Mutunci a gida ake shan sa tare da nono, saboda haka dole a rataya shi ga sunan uba, a ce ɗan mutunci, ɗan wane, mai sana'a kaza. Idan Sankira ya yi shiru kafin ya kai ta biyar, naɗi bai ɗauru ba, sai a warware rawani kowa ya kama gabansa.

To, a bayan ƙofar yamma, a bakin rafi, akwai unguwar majema, inda aka tura masu jimar fata saboda wari. A can akwai wani tsoho ana ce masa Nomau. Tun daga kakansa, gidansu ne ke jeme buzun fada. Suna da wata shaida da suke sa wa kowane buzu a bayansa, wajen gindin wutsiya: ƙulli uku na jar fata, jere kamar sawun zabo. Ma'anarta ita ce majemi ya ga ragon da idonsa, yanka aka yi masa, ba mushe ba ne, mutum yana iya ɗora goshinsa a kai hankali kwance. Manyan fada ba su san da ita ba, domin barori ne ke shimfiɗa musu, barori ne ke naɗewa.

Nomau yana da ɗan fari, Jatau. Tun yana ƙarami abokan wasa suke toshe hanci in ya zo, har abin ya zauna masa a zuciya kamar ƙaya. Da ya tasa sai ya bi ayarin wani madugu mai suna Ɗanbaba, ya yi shekara talatin yana cin ƙurar hanya, har shi ma ya zama madugu. Ya gina gida a cikin birni. Yana aika wa ubansa hatsi da tufafi ba fashi, amma ƙafarsa ba ta sake taka majema ba. Shi kuwa tsohon bai taɓa kai ƙara wurin kowa ba, kuma bai taɓa kama sunan Jatau da bakinsa ba, saboda alkunyar ɗan fari. In zai ambace shi sai ya ce Madugu.

Aka yi shekara biyu ta fari a jere, rumbuna suka zama wayam, mata suka shiga tonon gidan tururuwa. Jatau ya ɓace wata huɗu, sai ga shi ya ɓullo ta wata hanyar kudu da ba wanda ya sani, da jakuna ɗari uku ɗauke da dawa. Ya sauke a ƙofar fada ya ce a raba. A lokacin Wambai ya rasu, wurinsa yana nan babu kowa. Sarki Tunau ya tashi a gaban jama'a ya ce, "Wanda ya ɗauki garin nan a bayan jakunansa, garin nan zai ɗauke shi a kan buzu. Ranar Juma'a ta sama za a naɗa Jatau Wambai." Magana kuwa in ta fita daga bakin sarki, ba ta da ƙafar komawa.

Saura kwana uku, Jatau ya je gidan Sankira Cindo da hantsi. Cindo tsoho ne siriri, ya kira naɗi ashirin da bakwai, muryarsa kuma ba ta tsufa tare da shi ba. Bayan gaisuwa Jatau ya daɗe yana murza bakin rigarsa.

Cindo ya ce, "Madugu, ka faɗi abin da ya kawo ka, kada ka huda rigar."

Jatau ya ce, "Baba Cindo, in ka zo kan ta biyar, ka ce ɗan Ɗanbaba madugu. Shi ya rene ni, shi ya aurar da ni. Ba ƙarya ba ce."

"Ubangida ne, Allah ya jiƙansa. Ubangida kuwa inuwa ce, ba saiwa ba."

"Akwai doki danda a bargana, ƙafafunsa huɗu farare. Naka ne."

Cindo ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ni da ko jaki sai an riƙe mini? Madugu, uba yakan ɓoye sunan ɗan fari don alkunya, wannan mun gada. Ɗa ya ɓoye sunan uba, yau na fara ji."

Jatau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba ka san yadda abin yake ba. Za ka ce ɗan Nomau majemi a gaban Galadima da mutanensa, wani ya kai hannu hanci, ko da wasa ne. Wallahi gara in koma daji da jakunana da in ga wannan hannun ranar naɗina."

Cindo ya sallame shi ba tare da faɗa ba, domin ya ga abin da ke damunsa ba girman kai ba ne kawai, tsohon miki ne da bai warke ba.

Bai gama jimamin wannan ba sai ga saƙo Galadima Dangana yana kiransa. Galadima shi ne babba a majalisa, mutum ne da ke iya jero kakanninsa tara ba tare da ya haɗiyi yawu ba. Ya ce, "Cindo, sarki ya yi alkawari, ba mu ja da shi ba. Ka kira shi mai muƙami. Ka kira shi mai girma in ka ga dama, ai jakunansa suna da yawa. Amma ranar da ka ɗora mutunci a kan majemi, mutumin da hannunsa ke yini cikin ƙazanta, ranar nan ni da mutum shida za mu naɗe shimfiɗarmu mu fita. Kalmar da aka kira ubana da ita ba za ta kwana a bakin rafi ba."

Cindo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in na tsaya a ta huɗu ai naɗi ya warware."

Galadima ya ce, "Wannan kuma kai da Sarki."

Da la'asar Cindo ya ɗauki sandarsa ya fita ta ƙofar yamma. Ya tarar da Nomau a gindin bagaruwa, yana taje wani farin buzu mai gashi kamar auduga. Shi ne wanda fada ta aiko a jeme domin naɗin. Su biyun tare suka yi wasan ƙasa.

Nomau ya ce, "A'a, mai baki ya zo wurin mai wari. Toshe hancinka, kada muryar fada ta lalace."

Cindo ya ce, "Hancina ya mutu tun ranar da na fara shinshina turaren fadawa." Ya zauna a kan turmi, ya kwashe duk abin da ya faru ya gaya masa.

Tsohon bai daina tajewa ba. Can ya ce, "Ka kira shi da abin da yake so. Sunana ba riga ba ce da zan ji sanyi in an cire. Madugu ya ciyar da gari, ya isa a yi masa wannan."

"Ni kuma in tashi gaban Allah da ƙarya a baki, a kan naɗi na ashirin da takwas?"

"Kai ka sani. Ni dai ba zan zama dutse a hanyarsa ba."

Cindo ya tashi ya koma gida. Washegari ya nemi ganin sarki shi kaɗai, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, na zo da kaya uku, kowanne ya fi ƙarfin wuyana. In na ce ɗan Ɗanbaba, na yi ƙarya, kuma duk kiran da na yi a baya ya zama abin shakka. In na ce ɗan Nomau, majalisarka ta rabu biyu, shi kuma Jatau ya ce gara ya koma daji. In na yi shiru, maganarka ta faɗi ƙasa. Ka zaɓa mini wanda zan mutu a ƙarƙashinsa."

Sarki Tunau mutum ne mai jinkirin magana. Yana da wata ɗabi'a da fadawa ke ganin ba ta dace da sarki ba: in ya idar da salla, da hannunsa yake naɗe buzunsa. Ya tambaya ko an kawo sabon buzun, aka ce an kawo da safen nan. Ya sa aka miƙo masa, ya shafa gashin, ya juya bayan, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya naɗe shi a hankali ya ce, "Cindo, je ka jiƙa maƙogwaronka da zuma. Ranar Juma'a kada ka buɗe baki sai na ce maka."

Ranar Juma'a da hantsi fada ta cika har waje. 'Yan majalisa goma sha ɗaya suna zaune kowa a kan buzunsa, na sha biyu kuma, sabon, yana shimfiɗe babu kowa a kai. Jatau yana durƙushe a gabansa cikin farar riga, an riga an naɗa masa rawani, gumi yana bin wuyansa. Kowa ya zuba wa Cindo ido, Cindo kuma ya zuba wa sarki.

Sarki ya ce, "Galadima, na ji kana da magana a kan kalma ta biyar. Faɗe ta a nan, inda kowa zai ji."

Galadima bai ji tsoro ba, kuma kakana yakan ce a ba shi wannan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, albasa ba ta yin halin ruwa, amma daraja tana yin halin asali. Kai ka ba shi muƙami, hannunka ya isa. Mutunci kuwa ba a cikin taskarka yake ba. Ba a tsamo shi daga kwatarniyar jima."

Sarki ya ce, "Ka faɗi rabin gaskiya. Ba a cikin taskata yake ba, shi ya sa ba zan ba da shi ba, kuma ba zan hana shi ba. Nema za mu yi mu ga inda yake. Ku tashi duka."

Suka miƙe suna duban juna.

"Kowa ya juya buzunsa da hannunsa. Kada bara ya taɓa."

Dattawa suka sunkuya da ƙyar, wasu gwiwoyinsu suna ƙara. Sarki ma ya sauko ya juya nasa. Ya ce, "Ku duba wajen wutsiya. Me kuka gani?"

Madawaki ya ce, "Ƙulli uku, ranka ya daɗe, na jar fata."

"Nawa ma haka," in ji Limamin fada. Aka bi layi, har aka zo kan Galadima. Ya sake duba nasa kafin ya ce, "Uku ne."

Sarki ya ce, "Wannan hannun Nomau ne. Na ubana hannun uban Nomau ne. Ma'anarsa, ragon yankakke ne, ya gani da idonsa. Galadima, shekara ashirin da biyu kana ɗora goshinka a kan fatar nan sau biyar a yini. Ka taɓa tambaya ko ta mushe ce? Ba ka tambaya ba, kuma ban tambaya ba, domin akwai wani a bakin rafi da ya ɗauke mana tambayar. Bara da bara waccan, da dabbobi suka riƙa faɗuwa saboda fari, fatar mushe ta zama kyauta, ko'ina ka duba ga ta. Na aika a jeme mini buzu biyu zan yi wa baƙi kyauta. Ya aiko mini cewa bai ga ragon yanka mai kyau ba, in yi haƙuri. Na ji haushi, na sake aikawa, ya sake cewa in yi haƙuri. A lokacin gidansa tafasa suke ci ba gishiri. Da ya ɗauko ta mushe ya jeme ya ƙulla, wa zai sani? Ni ba zan sani ba, Liman ba zai sani ba. To, ku ne masu kakanni, ku gaya mini sunan wannan hali. In ba mutunci ba ne, sai mu tattara fatun nan mu ƙone, mu fara rama sallolin shekara ashirin, ni a gaba, Galadima yana bi na."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Liman ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, ni dai tsufa ya hana ni rama salla mai yawa haka. Mutunci ne." Galadima ya dubi ƙullin da ke hannunsa, ya shafa shi da babban yatsa, ya mayar da buzun ya shimfiɗa. Ya ce, "Daga ƙin gaskiya sai ɓata. Na janye." Ya zauna, mutanensa shida suka zauna.

Jatau ya saki numfashi, ya ɗaga kai, yana tsammanin an gama. Sai sarki ya juyo gare shi ya ce, "Saura ɗaya ba a juya ba. Jatau, juya naka."

Ya kai hannu ya juya farin buzun. Ya duba wajen wutsiya, ya duba wajen wuya, ya bi gefe da gefe da yatsa. Fata ce sumul, an jeme ta yadda ba a taɓa jeme wata ba, amma babu ƙulli ko ɗaya.

Ya ɗago ya dubi sarki.

Sarki ya ce, "Kada ka ce mantuwa ce. Mutumin da ya ƙi ƙulla wa sarki mushe ba ya manta ƙulli a kan halal. Ya ji abin da kake gudu, sai ya cire kansa daga ƙarƙashinka don ka zauna ba nauyi. Shekara hamsin yana jima, wannan ne buzu na farko da ya fita daga hannunsa ba suna. Shi ya yi abin da uba ke yi. Amma a fadata ba a zama a kan fatar da ba a san asalinta ba, kuma ba a kiran mutunci a kan wanda ba a san nasa ba. Ba zan aika dogari ya kira tsohon ba, bai yi laifi ba. Mai neman shaida shi ke zuwa wurin mai shaida. Kana da daga yanzu zuwa kiran sallar Juma'a. In ka dawo da ƙulli uku, Cindo zai kira biyar. In ba ka dawo ba, ka koma ga ayarinka da godiyata da ta gari duka, ba wanda zai zarge ka, amma za a warware rawanin."

Aka ce Jatau ya daɗe a durƙushe, har inuwar ginshiƙi ta matsa. Daga fada zuwa majema sai an ratsa tsakiyar kasuwa, ga shi ranar Juma'a ce. Barorinsa suka jawo masa doki bakin ƙofa. Ya dubi dokin, ya girgiza kai. Ya naɗe buzun ya ɗora a kan sabon rawaninsa yadda 'ya'yan majema ke ɗaukar fata, ya bar takalmansa inda ya cire su, ya fita.

Mutane suka dare masa hanya. Mahauta suka bar sara, masu awo suka bar mudu a cikin hatsi. Ba wanda ya kai hannu hanci. Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ta ci dawarsa a shekarar yunwa, ta ce, "Sannu ɗan Nomau," ya ji abin ya ratsa shi, ya kuma yi mamakin cewa bai mutu ba.

Ya tarar da ubansa a sunkuye a kan kwatarniya, hannuwansa sun rine da ruwan bagaruwa har gwiwar hannu. Tsohon ya ɗago, ya ga farar riga da taron mutane a bayanta. Ya ce, "Madugu, ɓatan hanya ka yi? Kai da ka san hanyar Gwanja da ido rufe? Tattare rigarka, nan ba wurin fari ba ne."

Jatau bai tattare ba. Ya durƙusa a cikin laka, ya sauke buzun ya miƙa da hannu biyu. Ya ce, "Baba, na zo a sa mini shaida."

"Wa ya aiko ka?"

"Sarki ya nuna mini hanya. Amma ƙafata ce ta zo."

Tsohon ya goge hannu a jikin warkinsa. Ya ce, "Ka san abin da kake roƙo? In na ƙulla, ba ya kwancewa. Duk wanda ya juya zai gani, har jikokinka."

"Na sani, Baba. Ka yafe mini shekarun nan."

"Wane shekaru? Ai hatsi yana zuwa." Ya juya baya yana lalube cikin jakar kayan aikinsa, ya daɗe yana lalube fiye da yadda neman basilla ke buƙata. Da ya juyo ya ce, "Idona ba ya ganin siririn abu yanzu. Ga jar fata can, ga wuƙa. Yanko mini zare, in kana tunawa."

Jatau ya naɗe hannun rigar naɗinsa, ya taka fatar da babban yatsan ƙafa, ya ja wuƙa sau ɗaya. Tsohon ya karɓi zaren, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi wajen haske. Ya ce, "Hm. Ashe hannun bai tafi fatauci ba." Ya huda, ya zura, ya ƙulla uku, jere kamar sawun zabo.

Jatau ya ce, "Baba, taso mu tafi tare, ka ji da kunnenka."

"Fatu suna cikin ruwa. In na bar su suka wuce lokaci, wa zai amsa wa masu su? Tafi, kada ladan ya riga ka."

Ya isa fada ladan yana gyaran murya, laka har gwiwar rigarsa. Sarki ya juya buzun, ya gani, ya shimfiɗa shi da hannunsa, ya ce, "Zauna, Wambai. Cindo, bakinka." Cindo ya roƙi arziki ɗaya, a bar shi ya yi kiran daga kan soron ƙofar fada. Aka kama shi ya hau, ya juya fuskarsa yamma, wajen rafi. Ya kira mai muƙami, ya kira mai girma, ya kira mai daraja, ya kira wanda Allah ya ɗaukaka. Sa'an nan ya ja numfashi ya saki muryar da aka ce ba a taɓa jin irinta a Marke ba: "Ɗan mutunci, ɗan Nomau majemi, wanda sarakuna ke sujada a kan amanarsa!"

Maƙwabtan Nomau sun ce kiran ya iso bakin rafi sarai. Tsohon yana kankare wata fatar akuya a lokacin. Bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da kankara. Sai dai wuri ɗaya ya yi ta kankarewa, har wuƙar ta huda fatar. Ita ce kaɗai fatar da aka san ya ɓata a rayuwarsa.

In kakana ya kawo nan yakan ɗaga gefen buzunsa ya leƙa, ko da yake ya san babu komai a wurin. Yanzu ba ya nan, buzun ma ban san hannun da ya faɗa ba. Nakan tuna shi duk lokacin da aka miƙo mini katin gayyata na ga an jera wa mutum ɗaya kalmomin nan biyar har da ƙari, a layi guda, da ruwan zinariya, ba wanda ya hau soro, ba wanda ya taka laka. Ba na cewa mutanen da sun fi mu kirki, domin su ma sai da sarki ya ce su juya kafin su gani. Abin da nake cewa shi ne sun san kowace kalma da mai ita, kuma sun san wadda ba a bayarwa.

Shi ya sa masu hikima suka ce: sarki yana iya ɗora ka a kan buzu, amma abin da zai riƙe ka a kai yana ƙulle ne a ƙarƙashi, kafin ka tambayi me za a kira ka, juya ka ga a kan wa kake zaune.